Zango Da Masu Son A Goge Mana Suna

Wata magana ta daɗe tana zagawa a tsakanin 'ya'yanmu masu ilimin zamani a nan Kumasi, har ta kai ga kunnen dattawa: wai lokaci ya yi da za a daina kiran unguwanninmu zango. Hujjarsu biyu ce. Ta farko, sun ce kalmar ta riga ta ɓaci a bakin mutanen gari, da an ambace ta abin da ke zuwa zuciya shi ne kwata, da tsibin shara, da 'yan bangar siyasa. Ta biyu, wadda ta fi nauyi, sun ce asalin zango masaukin ayari ne, inda fatake ke sauke kaya su kwana su wuce, saboda haka muddin muna riƙe da sunan, da bakinmu muke shaida cewa mu baƙi ne masu jiran asuba.

Mu da ke zama a zauren dattawa muna riƙe musu alƙalami ba mu yarda da wannan ba. Ba don mun raina zafin da 'ya'yanmu ke ji ba ne, mun san inda takalmin ke matsa su. Amma maganin da suka kawo zai kwashe mana hujja mafi ƙarfi da muke da ita a kan wannan ƙasa, ya bar mana cutar yadda take.

A fara da abin da ya gabaci zango kansa. Lokacin da Baturen Ingila Bowdich ya iso Kumasi a 1817, da Dupuis bayansa a 1820, dukansu sun tarar da jama'ar Musulmi zaune a cikin birnin, a zamanin Asantehene Osei Bonsu, da shugabansu Muhammadu al-Gamba wanda ake kira Baba. Su ne masu rubuta wa fada wasiƙu da Larabci, su ne masu rubuta layun da ake ɗinkawa a jikin rigunan yaƙi, kuma har yau akwai babbar batakari mai layu a cikin kayan sarautar Asante. Wasu daga takardunsu sun faɗa hannun Turawan Danmak bayan yaƙin Katamanso na 1826, suna ajiye a ɗakin littattafan sarauta na Kwapanhegan. Ba za mu ci haƙƙin kowa ba: yawancin waɗancan malamai mutanen Gwanja ne da Dagomba da Mamfurusi da Wangarawa, kuma zuriyarsu, waɗanda ake kira Asante Nkramo, Tonawa ne cikakku a wurin kansu da wurin fada. Abin da muke so a gane kawai shi ne, kiran salla ya riga tutar Ingila shiga Kumasi da shekaru masu yawa, don haka mai cewa addininmu da rubutunmu a bayan bindigar Bature suka shigo, bai karanta ba.

Fataken Hausa kuwa, yawancin ƙarni na 19 a Salaga suke tsayawa. Ayari ya taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya yi watanni a hanyar Gwanja, ya sauka Salaga ya sayi goron da ya fito daga dazuzzukan Asante, ya juya. Sarakunan Tonawa sun tsare wannan ƙofa da kyau, sun fi son a tsaya musu a can. Abubuwa uku suka rushe wannan tsari a jere. Sojojin Wolseley sun ƙone Kumasi a 1874, ikon Asante a kan arewa ya yi rauni. Basasa ta tarwatsa Salaga a 1892, malamai da fatake suka watsu zuwa Kete Karachi da Yeji da Atebubu da Kintampo da Ankara, cikinsu har da Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano da ya ƙare rayuwarsa a Karachi a 1934. Sannan a 1896 Turawa suka kama Prempeh na Ɗaya suka fitar da shi daga ƙasarsa. Hanya ta buɗe, mai neman goro ya biyo goro har gindinsa.

To, wane gari kakanninmu suka tarar? Bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, Kumasi kango ce, mutanenta da yawa sun koma ƙauyuka. Ko a ƙidayar 1911 mutanen birnin ba su kai 20,000 ba. Zango a lokacin ƙauye ne mai zaman kansa a gefen gari, kusa da fadamar Subin, wajen da babbar kasuwa ta tsaya daga baya. Bukkoki ne da gidajen ƙasa, da turakun dabbobi, da masallaci, da makarantar allo. Kowace ƙabila da shugabanta, Hausawa, Yarbawa, Mosawa, Wangarawa, Fulani, Dagombawa, Gurunsawa, daga baya Zabarmawa da Kotokoli da Busanga, Hausa kuma ita ce harshen da kowa ke ciniki da shi, ake ɗaura aure da shi, ake raba gardama da shi. Ginshiƙin wannan ƙauye shi ne maigida. Shi ke saukar da baƙo, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba da shanu bashi ga mahauta. Babu takarda, babu banki, sunan maigida shi ne jingina. Da wannan amana aka ciyar da Kumasi nama shekara da shekaru, da ita goro ya fita.

Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, na Ankara ya haɗe a 1923, koko ya kawo kuɗi, gari ya fara kumbura. Su wa suka sare dajin gonakin kokon nan? Su wa suka ɗauki buhunan a ka zuwa ma'auni, suka haƙa hanya, suka yi gadin kantunan Adum da dare? A tambayi kowane tsohon manomi na Asante, zai faɗi sunan Bamoshen da ya yi wa ubansa aiki. Duk waɗannan ta zango suke shigowa, a zango suke samun wanda zai wanke su idan sun mutu.

Mun san abin da ake jefa mana a nan. Ana cewa ai sojojin Hausa ne suka taya Bature cin Asante. Gaskiya ne akwai rundunar da Turawa suka laƙaba wa sunan Hausa, ko da yake da yawansu mutanen arewacin ƙasar nan ne da Hausa ta zame musu harshen bariki. Amma Fantawa ma sun shigo Kumasi a wannan zamani, akawuna da 'yan kasuwa da masu ɗaukar kaya, suka kafa unguwar da har yau ake kira Fante New Town. Mutanen Ewe sun kafa Anloga da sana'ar katako. Ba mu taɓa jin an ce wa ɗan Fante New Town ya sauya sunan unguwarsa domin a daina ganinsa baƙo ba, ba mu kuma ji shi da kansa ya nemi haka ba.

A 1924 annobar ɓeraye ta faɗa wa Kumasi. Hukumar Turawa ta ɗora laifin a kan cunkoson zango, aka rushe gidaje a Tsohon Zango, aka kafa hukumar lafiyar gari a shekara mai bi, aka gina sababbin gidaje a jere a inda muke kira Sabon Zango, aka kwashe mutane can. Ba mu musun cewa annoba ta kashe mutane, ba mu musun cewa akwai cunkoso. Amma a duba abin da ya biyo baya. Wurin da aka ce bai dace ɗan Adam ya zauna ba, da aka cike fadama aka gyara, shi ne ya zama cibiyar cinikin birni, filin da ya fi kowane tsada. Wannan shi ne karo na farko da birni ya ga inda muke zaune ya yi masa kyau, kuma ba da sunan kwaɗayi ya zo ba, da sunan tsabta ya zo. Duk mai hankali ya riƙe wannan, domin har gobe da wannan riga ake zuwa.

Daga nan zango ya yi ta haihuwa. Yalwa, Alabar, Akwatia Layin, Aboabo, Asawase inda gwamnati ta gina rukunin gidaje a shekarun 1940, Sawaba, Zangon Moshi, da zangon Ayigya da ya girma a gefen tsohon ƙauyen Tonawa bayan an kafa kwalejin fasaha a 1952, wadda ta zama jami'a. Galibin waɗannan wurare daji ne ko gonaki lokacin da iyayenmu suka je gaban sarakunan ƙauyukan suka nemi izini, suka ba da abin gaisuwa kamar yadda al'adar ƙasa ta tanada. Su suka kori macizai. Yau wanda ya tsaya a Aboabo ba zai iya nuna inda gari ya ƙare zango ya fara ba, kuma tun 2012 aka yanke mana ƙaramar hukumar Asokore Mampong daga jikin Kumasi. Fadar Manhyia kanta, da aka gina a 1925 domin Prempeh da ya dawo daga gudun hijira a 1924, tafiyar ƙafa ce daga Alabar. Mun yi shekara ɗari muna maƙwabtaka da fada. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Wace irin raɓa ce ke kwana shekara ɗari da ashirin rana ba ta ɗauke ta ba?

Yanzu ga hujjar 'ya'yanmu ta biyu, wai ma'anar kalmar ce ke tona mu. Suna ba ya zama daram a kan asalinsa. Kumasi kanta, a ruwayar da Tonawa ke bayarwa, ma'anarta ƙarƙashin itacen kum, amma ba wanda ke neman inuwar itacen a yau. Fagge a Kano masaukin ayari ne a bayan ganuwa, yau kuwa ɗan Fagge Bakano ne da ba a tambayarsa takarda. A ƙasar Daura akwai gari guda mai suna Zango, da hakiminsa da ƙaramar hukumarsa, ba wanda ke jiran mutanensa su ɗaure kaya. Kalmar ta daɗe da tashi daga masauki ta koma mazauni, kuma kakanninmu ne suka tashe ta, da kaburburansu.

Hujja ta farko fa, cewa sunan ne ke jawo mana wulaƙanci? A gwada ta da abin da ya faru.

Ghana ta sami 'yanci a watan Maris na 1957. A cikin wannan shekara gwamnatin Nkrumah ta ba da umurnin a fitar da Sarkin Zangon Kumasi, Alhaji Amadu Baba, da Alhaji Usman Lardan, jagororin jam'iyyar Musulmi ta MAP. Laifinsu na gaskiya shi ne sun tsaya tare da NLM, ƙungiyar da Baffour Akoto, kakakin Asantehene, ya kafa a 1954. Suka garzaya kotu suka ce su 'yan ƙasa ne, doka ba ta yarda a kori ɗan ƙasa ba. Shari'a na gaban alƙali, majalisa ta zauna ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayen mutum biyun nan, ta datse shari'ar, aka kai su Najeriya. A lura da kyau: an kore su a matsayin baƙi saboda sun tsaya wa Asante. Sai bayan juyin mulkin 1966 Alhaji Amadu Baba ya dawo gida.

Shekara goma sha biyu bayan korarsu, ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Busia, wadda ta fito daga gidan siyasar da dattawanmu suka sha wuya dominsa, ta fitar da dokar korar baƙi. Mako biyu aka ba duk wanda ba shi da takardar zama. Dubban ɗaruruwa suka fita daga ƙasar. A nan Kumasi an sayar da gidaje da kuɗin da bai kai na akuya biyu ba, an bar wasu a hannun maƙwabta, mata sun rabu da mazaje, mutanen da aka haifa a Sabon Zango aka loda su a mota zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Muna faɗin wannan ne domin kada wani ɗan jam'iyya ya ɗauki rubutun nan ya tafi da shi kasuwa: gidajen siyasar nan biyu kowanne ya taɓa mu, kowanne kuma ya dawo neman ƙuri'a.

To, a 1957 da 1969, wa ya tambayi sunan unguwa? Abin da aka tambaya shi ne ina aka haifi ubanka, ina takardarka. Asawase sunan Tonanci ne. Aboabo sunan Tonanci ne. A watan Yuli na 2018 'yan sanda suka harbe mutum bakwai 'yan Asawase a yankin Manso Nkwanta suka ce 'yan fashi ne, kwamitin da gwamnati ta kafa ya bincika bai sami shaidar haka ba, aka dakatar da 'yan sanda 21. Sunan Asawase bai kare su ba. Nima da Mamobi a Ankara babu kalmar zango a sunansu, amma kowa ya san kallon da ake yi wa matashin da ya ce daga can yake. Abin da ake ƙyama yana jikin sunan Abdullahi da Fusaini, da rigar, da harshen. Sai dai idan bayan unguwa za a ce mu sauya waɗannan ma.

Sunan da suke so a yar, shi ne ke faɗa wa duk mai bincike cewa wannan jama'a tana da farko, tana da sarauta, tana da tsari. Turawa sun san da Sarkin Zango, har sun ba Malam Salau Katsina kotu a shekarun 1920. Fadar Asante ta san da shi, yana da wurin zamansa idan ana taro. A cikin wannan zango Shehu Baba al-Wa'iz ya kafa makarantar Wataniyya, nan Shehu Ibrahim Inyas ya sauka a 1952, nan babban limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu ya zo ɗalibta wurin Shehu Abdullahi Ɗan Tano. Ko masu ƙwallo sun san daga wane lungu Abdul Razak ya fito kafin ya zama gwarzon Afirka a 1978. Da safe kuma Kumasi duka, Batone da Bafante, koko da ƙosai da wake da shinkafa suke karyawa da su, sunayen ma ba su sauya ba sai ɗan lanƙwasa harshe. Idan aka shafe kalmar aka mai da mu “tsakiyar birni” kamar yadda takardun gwamnati ke so, mun zama tarin matalauta marasa asali da aka tsinta a kan fili mai tsada, irin waɗanda injin rusau ba ya tambayar sunan kakansu. Ko asusun raya zango da aka kafa da doka a 2017, kowa da ra'ayinsa a kan abin da ya tsinana, da wannan suna aka same shi, kuma ma'aikatar da aka buɗe tare da shi ba ta wuce 2021 ba.

Batun ƙazanta kuwa, a raba shi biyu. Unguwar da aka tsara wa mutum ɗari ta koma ɗaukar dubu, ba a ƙara mata magudanar ruwa ba, ba a ƙara mata makewayi ba, sharar rabin gari kuma rafin Aboabo ke kwasowa ya zube mana a ƙofa duk damina. Wannan haƙƙi ne a wuyan hukuma, muna biyan haraji kamar kowa. Ɗaya rabin namu ne. Maigidan da ya mai da makewayin gidansa ɗakin haya domin sidi kaɗan, ba Bature ne ya sa shi ba. Uban da ya bar ɗansa ya zama karen farautar ɗan siyasa, a ba shi babur da kuɗin shayi, ranar zaɓe a tura shi gaba, shi ma ba sunan unguwa ne ya cuce shi ba.

Amma haɗarin da ya fi waɗannan duka, wanda ya sa muka ɗauki alƙalami, ba a maganarsa a dandalin da ake gardamar suna. Ƙasar Kumasi ta Kujerar Zinare ce. Turawa sun riƙe tsakiyar garin bayan 1900, suka mayar wa Asantehene a 1943. Kundin tsarin mulki na 1992 ya hana a mallaka wa kowa ƙasar sarauta mallaka ta har abada, haya ce mai wa'adi, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba, ba a ba shi fiye da shekara 50. Ga mai lissafi: takardar shekara 99 da aka rubuta a 1930, a 2029 za ta cika. Ranar da aka zo sabuntawa, tambaya biyu za a yi, ina tsohuwar takarda, kuma kai ɗan ƙasa ne? A 2020 Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa kaɗai ba ta tabbatar da zama ɗan ƙasa. Tsarin mulki ta wajen iyaye da kakanni yake bi. Ke nan wanda bai iya nuna ko wane ne kakansa ba, da inda ya zauna, da lokacin da ya zauna, yana iya wayar gari baƙo a ɗakin da aka yanke masa cibiya.

Abin da muke gani a zaure kuwa ba ya kwantar da hankali. Gida mai ɗaki ashirin, magada arba'in, wasu a Kano, wasu a Jamus, wasu a Amurka, ba a raba gado ba tun rasuwar kaka, takardar fili tana hannun wanda ba a san ko waye ba, ko gara ta cinye ta a adaka. Sai wani daga cikin magada ya haɗa baki da mai kuɗi a sayar a asirce, a wayi gari an kafa benen shaguna, tsofaffin gidan an watsa su bayan gari inda ba masallacin da ya san su. Mun ga an zubar da kundin malami a shara domin jikokinsa ba su iya karanta ajami ba, alhali a bayan irin waɗannan kundaye ne tsofaffi ke rubuta ranar haihuwa da ranar rasuwa da shekarar da aka sauka a gari. Mun ga tsohuwar da aka haifa a Yalwa, uwarta ma a nan aka haife ta, wani ma'aikaci a wani ofis ya mayar da ita gida sau uku domin sunan kakanta bai yi masa kama da na ƙasar nan ba. Abin da ya fitar da ita rasiɗin harajin gida ne na zamanin Turawa da aka tsinta a cikin wani tsohon Alƙur'ani.

Mutanen Lome sun riga mu gani. Zangonsu yana tsakiyar gari tun zamanin Turawa, a 1977 hukuma ta rushe shi ta kwashe su zuwa bayan gari ta arewa, aka gina manyan ofisoshi a wurin. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi.

Saboda haka muna roƙon 'ya'yanmu masu digiri, lauyoyi da masu awon ƙasa da masu aikin kwamfuta, ƙarfin da kuke kashewa a kan neman sabon suna ku kawo shi nan. Kowane gida ya buɗe adaka. A fito da takardar fili, da rasiɗan haraji, da wasiƙun ajami, da hotunan tsofaffi, a ɗauki hotonsu a ajiye a wuri fiye da ɗaya. A zauna da tsofaffin da suka ga 1969 da idonsu a naɗi muryarsu tun suna iya magana, kaɗan suka rage. A rubuta sunayen magada, a raba abin da shari'a ta ce a raba, a naɗa wakili ɗaya sananne ga kowane gida. Wanda kuma ya sami takardar filin gidansu, kafin ya mayar da ita, ya dubi shekarar da aka rubuta a kanta da adadin shekarun da aka ba kakansa, ya ƙirga nawa suka rage.